An ga ƙwayar BK a jinin yayana bayan dashen ƙoda, likita kuma ya ce a rage magani

Ɗan Tawa:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da duk waɗanda ke cikin wannan zaure, musamman likitoci da malaman asibiti da ke ba da lokacinsu suna amsa mana tambayoyi. Daga Tawa nake rubutowa, kuma maganar ta shafi yayana ne wanda muke ciki ɗaya. Ya shafe fiye da shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda a Yamai, har ta kai ya bar iyalinsa a nan ya kama ɗaki a can, domin tafiyar fiye da kilomita 500 ba abin da marar lafiya zai riƙa yi kowane mako ba ne. Da wahalar ta yi yawa sai dangi suka zauna, aka sayar da abin da za a iya sayarwa, muka tafi Tunisiya aka yi masa dashe. Ni na ba shi ƙodar, kuma yau wata biyar ke nan da yin aikin.

Alhamdu lillahi jikinsa ya yi kyau ƙwarai. Kumburin ƙafa ya saɓe, yana cin abinci, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Kafin a sallame mu likitocin can sun yi ta nanata mana magana guda, cewa kada ya kuskura ya tsallake magungunan da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, ko da sau ɗaya ne. Mun riƙe wannan magana gam. Matarsa ta sa ƙararrawa a waya, ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, kuma tana da ɗan littafi irin na ƴan makaranta inda take yin alama duk lokacin da ya haɗiye Prograf da CellCept ɗinsa.

Makon jiya sakamakon wani gwajin jini da aka aika ƙasar waje ya dawo, aka ce an ga wata ƙwayar cuta mai suna BK, kwafi 14,000 na ƙwayar a cikin mililita ɗaya na jini. Likitan da ke bin sa ya ce ya koma shan rabin CellCept ɗin da yake sha, kuma bai rubuta wani magani na kashe ƙwayar ba. Wannan ne ya ɗaure mana kai. Yaya za a ce cuta ta shiga jini, amma maimakon a ƙara magani sai a rage, kuma a rage wanda aka ce shi ke riƙe da ƙodar? Mutumin ba ya zazzaɓi, ba ya jin ciwon komai, fitsarinsa garau. Matarsa dai ta riga ta ware masa kwano da moɗa da buta, ta hana yara hawa gadonsa. Ni kuwa abin da ke hana ni barci daban ne, kuma ban faɗa wa kowa a gida ba: shin ta cikin ƙodata wannan cuta ta shige shi? Don Allah wanda ya san wani abu ya taimaka mana da bayani.

Likitan ƙoda, Yamai:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri kan abin da ka yi wa yayanka, shi kuma ya ƙara masa lafiya. Maganar likitan da ke duba shi ita ce gaba da tawa, amma matakin da ya ɗauka shi ne wanda ake ɗauka ko'ina a duniya idan aka samu irin wannan sakamako, kuma zan yi ƙoƙari in bayyana maka dalili.

BK tana cikin wani dangi na ƙwayoyin cuta da ake kira foliyoma. A shekarar 1971 aka fara gano ta a Landan, cikin fitsarin wani ɗan ƙasar Sudan da aka yi wa dashen ƙoda, aka sa mata haruffan farko na sunansa. Kusan kowa yana kamuwa da ita tun yana ƙaramin yaro, galibi ba tare da wata alama ba, kuma idan aka auna jinin manya goma za a tarar takwas ko tara daga cikinsu sun taɓa haɗuwa da ita. Idan ta shiga jiki ba ta fita. Takan laɓe a cikin ƙoda da hanyoyin fitsari ta yi likimo, garkuwar jiki kuma tana danne da ita, har mutum ya tsufa ya mutu bai taɓa sanin yana ɗauke da ita ba.

Aikin magungunan da yayanka ke sha shi ne su kwantar da garkuwar jiki don kada ta far wa baƙuwar ƙodar da aka sa masa, to amma garkuwar da aka kwantar ɗin ita ce dai ke gadin BK. Idan aka danne ta fiye da kima sai ƙwayar ta farka ta soma hayayyafa. Da farko takan bayyana a fitsari, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa dashe ana ganin ta a fitsarinsu. A wajen kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari takan ƙetara ta bayyana a jini. Idan aka bar ta, a wajen wasu, tsakanin kashi 1 zuwa 10 cikin ɗari, takan cinye ƙananan bututun da ke cikin ƙodar, ta bar tabo a wurin, kuma inda ya riga ya zama tabo ba ya komawa yadda yake. Abin da ya sa muke jin tsoronta shi ne duk wannan ɓarna a ɓoye take yin ta, babu zazzaɓi, babu ciwo. Kafin kreyatinin, wato sinadarin da ake aunawa a jini don sanin yadda ƙoda ke aiki, ya hau a takardar gwaji, ta riga ta yi nisa. Shi ya sa ƙa'idar da ƙwararru suka amince da ita ta ce a riƙa auna ta a jini kowane wata har zuwa wata na tara bayan dashe, daga nan kuma duk bayan wata uku har a cika shekara biyu. Idan adadin ya haura kwafi 10,000 a mililita, ana ɗauka cewa mai yiwuwa ta fara taɓa ƙodar, ko da ba a gutsuri naman ƙodar an duba ba. A ganina ku gode wa Allah da aka yi wannan gwaji a wata na biyar, tun mutum yana cikin ƙoshin lafiyarsa.

Game da maganin kashe ta kuwa, har yau babu wanda aka tabbatar yana yin wannan aiki. Garkuwar jikin mutum ce kaɗai ke iya mayar da ita inda ta fito, saboda haka dole a ɗan sassauta mata ta samu ƙarfin yin aikinta. Wasu likitoci sukan fara da rage mikofenolat, wato CellCept, zuwa rabi, wasu kuma su fara da rage takrolimus, wato Prograf, kuma duka hanyoyin biyu karɓaɓɓu ne. Ba zan ɓoye maka ba, al'amari ne na gaba kura baya sayaki: a rage da yawa jiki ya ƙi ƙodar, a ƙi ragewa ƙwayar ta cinye ta. Don haka ake yin ragin kaɗan-kaɗan, ana maimaita gwajin BK da na kreyatinin da na yawan takrolimus a jini duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Idan kreyatinin ya tashi, likita na iya cewa a sa allura a ɗan gutsuri naman ƙodar a duba, domin ɓarnar BK da ta ƙin ƙoda suna kama da juna sosai, alhali maganinsu kishiyoyi ne: ɗaya ragi take so, ɗaya ƙari. Mafi yawan waɗanda aka gano da wuri, ƙwayar takan bar jininsu cikin makonni ko ƴan watanni, ƙodarsu kuma ta ci gaba da aiki.

Ka gaya wa matarsa, Allah ya saka mata, ta mayar da kwano da buta cikin na gida. Ita da yaran kusan tabbas sun daɗe da haɗuwa da wannan ƙwaya, kuma ba ta cutar da mai cikakkiyar garkuwa. Wanke hannu da sabulu bayan an zaga ya wadatar.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda na san ita ce ta fi yi maka nauyi. Gaskiya ne ƙwayar tana iya zuwa cikin ƙodar da aka dasa, kamar yadda take iya tasowa daga jikin shi wanda aka dasa wa. Amma ko wa ya ba shi ƙoda, ɗan'uwa ne ko bare, tana iya zuwa da ita, kuma babu wurin da ake hana mutum bayar da ƙodarsa saboda ya taɓa kamuwa da BK, domin da ana yin haka da ba a samu mai bayarwa ba. Ba laifinka ba ne ko kaɗan. Magani ne ya buɗe mata ƙofa, kuma da ba a ba shi maganin ba da ƙodar ba ta kai yau ba.

Wata baiwar Allah, Yamai:

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma na bi ta wannan hanya da ƙafata, domin shekara huɗu ke nan da aka yi mini dashe a Indiya, kuma a wata na huɗu aka ga BK a jinina. Ina so in faɗi kuskuren da na yi don kada yayanka ya maimaita shi.

Da likita ya ce in rage magani na amsa masa da to, amma da na koma gida na kasa. Duk dare in na zuba ƙwayoyin a tafin hannuna sai in tuna kujerar wankin ƙoda, da awa huɗu da nake yi a kwance ina kallon jinina yana zagayawa cikin roba, da yadda nake auna ruwan sha da ƙaramin kofin shayi a tsakiyar zafin watan Afrilu. Sai in haɗiye su duka kamar yadda na saba, ina ganin ƙodata nake karewa. Mako uku na yi a haka ban gaya wa kowa ba. Da aka sake gwaji adadin ya ninka, likita ya fara maganar a ƙara ragi a kuma gutsuri ƙodar, domin a tunaninsa ragin farko bai yi aiki ba. A nan na fashe da kuka na faɗa masa gaskiya. Bai yi mini faɗa ba, amma ya nuna mini cewa da na yi shiru da an yanke shawara a kan ƙarya, a rage mini fiye da abin da ya kamata. Daga ranar na bi abin da aka ce, kuma wajen wata biyar ƙwayar ta ɗauka kafin ta ɓace daga jinina. Saboda haka ka zauna da matar yayanka ka karanta mata amsar Likita, domin ita ke riƙe da littafin, kuma macen da ta yi wata biyar tana gadin magani ba za ta ji daɗin ba da rabi ba sai ta gane dalili.

Tun da daga Tawa zai riƙa zuwa, ya roƙi likita a haɗa masa gwaje-gwajen a rana ɗaya. Jinin awon takrolimus da safe ake ɗibarsa, awa 12 bayan shan na dare, kafin a sha na safe. Ya sa maganin a aljihu, da an zare allura ya haɗiya. Kuma duk ranar da ya yi gudawa mai yawa ya kira likita, don gudawa tana sa takrolimus ya taru a jini.

Wani ɗan'uwa daga Ƙonni:

Allah ya ba shi lafiya. Na taɓa jin cewa ana ba masu irin wannan matsala sifrofloksasin, wanda muke sha idan an ce akwai cuta a fitsari, kuma yana da araha, ana samun sa a kowace farmasi. Shin ba zai yi kyau a haɗa masa da shi ba, ko da na mako biyu ne, tun da a hanyar fitsari ƙwayar take zaune?

Malamin jinya mai kula da masu sida, Yamai:

Salamu alaikum. Likita ya gama magana kan BK, ni kuma ina so in ja hankalin masu karatu zuwa ga ƴar'uwarta, domin ba waɗanda aka yi wa dashe kaɗai wannan dangi ke taɓawa ba. Sunanta JC, ita ma a shekarar 1971 aka gano ta, a jihar Wiskonsin ta Amurka, cikin ƙwaƙwalwar wani majinyaci mai kansar jini. Halinsu ɗaya wajen shiga jiki tun ƙuruciya da laɓewa a ƙoda, sai dai ita JC idan garkuwa ta faɗi warwas ƙwaƙwalwa take nufa, ta lalata ƙwayoyin da ke yin rufin jijiyoyi, kamar a feɗe robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. Ciwon da take haddasawa ana taƙaita sunansa da PML, masu Faransanci kuma suna cewa LEMP. Kafin a samu magungunan sida masu ƙarfi, kusan kashi 5 cikin ɗari na waɗanda cutar ta ci ƙarfinsu suna kamuwa da shi, kuma yawancinsu ba sa wuce ƴan watanni.

Akwai wani tela da aka taɓa kawo mana wanda har yau ban manta shi ba. Ya daina shan maganinsa kusan shekara biyu saboda kunyar a gan shi a layin karɓa. Abin ya fara masa da kasa zura zare a allura, bayan mako biyu almakashi ya riƙa suɓucewa daga hannunsa, sannan ya soma jan ƙafar dama, magana kuma ta fara harɗe masa. Babu zazzaɓi, babu ciwon kai na a zo a gani. Iyalinsa sun ɗauka sammu ne, suka yi wata guda ana hayaƙi da rubutu kafin a kawo shi. Bambancin wannan ciwo da shanyewar ɓarin jiki ta hawan jini shi ne ita waccan farat ɗaya take zuwa, shi kuwa rarrafe yake yi, kullum yana ƙaruwa. Ana gane shi da hoton ƙwaƙwalwa na IRM da kuma neman ƙwayar a cikin ruwan da ake ɗiba daga gadon baya. Dole ne a hanzarta zuwa asibiti, domin akwai wasu cututtuka masu kama da shi, kamar toksofilasma da tarin fuka na ƙwaƙwalwa, waɗanda suke da magani.

Shi ma PML ba shi da maganin kansa, dawo da garkuwa ne kawai ke tsayar da shi. Ga mai sida wannan yana nufin komawa kan magungunan sida, wato ARV, ba tare da jinkiri ba, kuma kyauta ake ba da su a Nijar. Telan nan ya rayu, amma hannun damansa bai koma ɗinki ba. Ina ƙara tuni ga iyayen yara masu sikila da ake fita da su waje dashen ɓargo, cewa a wajensu BK takan zo da fitsarin jini mai tsananin zafi makonni kaɗan bayan dashen, saboda mafitsara take kamawa.

Ɗan Tawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan sallar isha'i na je gidan na karanta musu amsoshin gaba ɗaya. Yaya, maganarki ta zo a kan gaɓa, domin matar yayana ta amsa da bakinta cewa tun ranar da aka ce a rage, dare biyu ta ba shi cikakke saboda tsoro. Mun rubuta ranakun a littafin don a nuna wa likitansa. Buta da kwano sun koma wurinsu, kuma ƙaramar ƴarsa a gadonsa ta yi barci. Likita, bayanin Malam kan JC ya ɗan tayar mana da hankali: shin shi ma yayana yana cikin wannan haɗari? Sannan akwai wani dattijo a unguwarmu da ya kawo saiwoyi ya ce a jiƙa masa, wai suna wanke ƙoda, mun karɓa don girmamawa amma ba mu ba shi ba tukuna.

Likitan ƙoda, Yamai:

PML yana iya samun wanda aka yi wa dashen ƙoda, amma da wuya ƙwarai, ba a kwatanta shi da yawan BK, kuma ragin maganin da aka yi wa yayanka yana ƙara nisanta shi da shi. Abin da za ku lura da shi kawai shi ne sabon rauni a hannu ko ƙafa, harɗewar magana, canjin gani ko rikicewar tunani da ke ƙaruwa kwana bayan kwana. In an ga ɗaya daga cikinsu a kira likita a ranar.

Ɗan'uwanmu na Ƙonni, tambayarka tana da tushe, domin an daɗe ana zaton magungunan dangin sifrofloksasin za su taimaka. An gwada ɗaya daga cikinsu, lebofloksasin, a Kanada a kan waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, aka fitar da sakamako a 2014, kuma bai hana BK tasowa ba, sai ma ya ƙara yawan ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani. An kuma jarraba sidofobir da leflunomid ba tare da an samu tabbataccen amfani ba, ga shi sidofobir yana iya yi wa ƙoda illa. Don haka kada a saya masa.

Saiwoyin nan a yi wa dattijo godiya, amma kada a jiƙa. Mai ƙoda ɗaya da ke shan takrolimus ba ya shan abin da ba a san me ke cikinsa ba, domin abubuwa da dama suna ɗaga yawan maganin a jini ko su zubar da shi ƙasa. Ko magungunan asibiti haka suke: eritromaisin da fulukonazol suna ɗaga shi, rifamfisin na tarin fuka yana kayar da shi, diklofenak da ibuprofen kuma suna cutar da ƙodar kai tsaye. Duk wanda zai rubuta masa magani, ko na ciwon haƙori ne, a fara gaya masa cewa an yi masa dashe.

Idan za a maimaita gwajin BK, a tura shi ɗakin gwajin da aka tura na farko, domin alƙaluman wani wuri ba lallai su yi daidai da na wani ba, kuma abin da likita ke bi shi ne hawa ko saukar adadin daga wannan gwaji zuwa na gaba. Kada hankalinku ya tashi idan na biyu bai sauka sosai ba, takan ɗauki makonni kafin a ga canji. Ku zo da littafin matarsa da takardar sakamakon farko, kuma daren da za a ɗebi jini washegari ya sha maganinsa ƙarfe takwas daidai, ko da yana cikin mota a hanyar Dogon Dutsi.